Bayani: Yadda kamfanoni ke samun sababbin ma'aikata ta hannun ma'aikatansu, da inda tsarin ke rikiɗewa ya zama son kai

Duk lokacin da gurbin aiki ya buɗe a kamfani, abin da ke damun shugabanni shi ne yadda za su samu wanda ya cancanta ba tare da ɓarnar lokaci da kuɗi ba. Talla a jarida ko a intanet kan jawo tulin takardun neman aiki, tantance su kaɗai kan ci makonni. Shi ya sa kamfanoni da dama ke neman ma'aikatansu su gabatar da waɗanda suka san za su iya aikin, tare da alƙawarin tukuici idan aka ɗauki mutumin.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke Kano ba kasafai yake ɗaukar yaron shago haka kawai ba, sai wani da ya amince da shi ya kawo yaron, ya kuma tsaya masa. Abin da kamfanonin zamani suka ƙara shi ne rubuta ƙa'ida: wa ke da ikon gabatarwa, yaya za a tantance, yaushe za a biya tukuicin. Wannan ƙa'ida ita ce ke raba tsarin da ɗaukar aiki na "wa ka sani".

Yadda tsarin ke gudana

Sashen kula da ma'aikata kan sanar da gurbin a cikin gida, ya bayyana ilimi da ƙwarewar da ake buƙata. Ma'aikaci ya miƙa sunan wanda ya sani da takardun shaidarsa, ya kuma faɗi alaƙar da ke tsakaninsu. Daga nan mai neman aikin zai bi sahun sauran jama'a wajen jarrabawa da ganawa. Idan ya yi nasara, akan jira ya kammala wa'adin gwaji, wanda sau da yawa watanni uku zuwa shida ne, kafin a biya wanda ya kawo shi. Tukuicin kan iya zama kuɗi, ƙarin kwanakin hutu ko wata kyauta.

Abin da bincike ya nuna

Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya yi nazari kan ƙwararrun ma'aikata a garin Newton da ke kusa da birnin Boston a Amurka, ya kuma wallafa sakamakon a 1974. Ya gano cewa kimanin kashi 56 cikin 100 sun samu aikinsu ne ta hannun wani da suka sani. Abin lura shi ne, akasarin waɗanda suka yi musu hanyar ba aminai ba ne, mutane ne da suke haɗuwa da su jefi-jefi. Dalilin a fili yake: amininka ya san abin da ka sani, tsohon abokin karatu ko abokin aiki kuwa yana jin labarin da ba ya zuwa kunnenka.

Wani bincike da Stephen Burks da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya duba bayanan manyan kamfanoni tara a fannoni uku: cibiyoyin amsa kiran abokan hulɗa, sufurin manyan motoci da fasahar zamani. Sun gano cewa waɗanda aka ɗauka ta hannun ma'aikata ba sa saurin ajiye aiki kamar sauran. Direbobin da aka gabatar ba su cika yin haɗari kamar takwarorinsu ba. Ribar kamfani ta fi fitowa ne daga raguwar masu barin aiki da sauƙin kuɗin nemo ma'aikaci, domin duk wanda ya tafi sai an sake talla, an sake horar da wani.

Girman tukuici ba shi ne komai ba

Laszlo Bock, tsohon shugaban sashen ma'aikata na Google, ya bayyana a littafinsa na 2015 cewa kamfanin ya taɓa ninka tukuicin daga dala 2,000 zuwa dala 4,000, amma adadin waɗanda ake gabatarwa bai ƙaru ba. Abin da ya taimaka shi ne sanar da ma'aikaci halin da ake ciki game da wanda ya kawo, da kuma yi masa takamaiman tambaya, misali wane ne ya fi kowa ƙwarewa a harkar kuɗi cikin waɗanda ya taɓa aiki da su.

Yadda aka tsara biyan ma yana sauya irin mutanen da ake kawowa. A wani gwaji da Lori Beaman da Jeremy Magruder suka yi a birnin Kolkata na Indiya, wanda aka wallafa a 2012, sun ga cewa idan aka ɗaura tukuicin a kan ƙwazon wanda aka gabatar, mutane kan rage kawo danginsu, su fi kawo abokan aiki.

Inda haɗarin yake

Mutum yakan kawo irin nasa ne. Idan mafi yawan ma'aikatan kamfani daga jiha ɗaya, makaranta ɗaya ko jinsi ɗaya suka fito, tsarin zai ƙara cika shi da irinsu. Wani gwaji a ƙasar Malawi da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa maza ba su cika gabatar da mata ba idan aka bar musu zaɓi, alhali kuwa da aka nemi su kawo mata musamman, sun kawo waɗanda suka cancanta.

A Amurka, hukumar da ke sa ido kan daidaito a wuraren aiki ta yi gargaɗin cewa dogaro da ɗaukar aiki ta baki da baki na iya saɓa wa dokar hana wariya, idan ya kai ga kusan duk sababbin ma'aikata daga rukuni ɗaya suke fitowa. Kamfanin Intel kuwa a 2015 ya ninka tukuici har zuwa dala 4,000 ga wanda ya gabatar da mace, ɗan tsirarun jinsi ko tsohon soja.

Matsayin abin a Najeriya

A aikin gwamnatin tarayya, gabatar da wani ba zai maye gurbin talla a bainar jama'a ba. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana mutanen jihohi ƙalilan ko ƙabilu ƙalilan mamaye gwamnatin tarayya da hukumominta. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa da doka a 1996, ita ke sa ido kan haka, kuma ƙa'idojinta sun tanadi a tallata gurabe a aƙalla jaridu biyu na ƙasa, a bai wa masu nema makonni shida.

Kamfanoni masu zaman kansu sun fi samun 'yancin zaɓar hanyarsu, amma akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta wajabta samun hujjar doka, kamar amincewar mutum, kafin a yi amfani da bayanansa. Saboda haka bai kamata ma'aikaci ya miƙa takardun wani ba tare da saninsa ba.

Sharuɗɗan da ke kare tsarin

Kamfanin da ke son cin moriyar wannan hanya ya kamata ya rubuta ƙa'idar, ya sanar da kowa, daga direba har manaja. A tallata gurbin a waje a daidai lokacin da aka sanar a cikin gida. Wanda ya gabatar da mutum kada ya zauna a kwamitin tantance shi, kada kuma a sa ɗan'uwa a ƙarƙashin ɗan'uwansa. Jami'an ɗaukar aiki da manyan shugabanni ba sa cikin masu karɓar tukuici. A ƙarshen kowace shekara a duba alƙaluma: su wa aka gabatar, su wa aka ɗauka, nawa ne suka zauna.

Ga mai neman aiki, yana da kyau ya riƙa sanar da tsofaffin abokan karatu, abokan hidimar ƙasa da waɗanda ya taɓa aiki da su irin aikin da yake nema da abin da ya iya. Sai dai ya kiyaye abu ɗaya: a tsarin gaskiya kamfani ne ke biyan ma'aikacinsa tukuici. Duk wanda ya nemi kuɗi a hannun mai neman aiki domin ya "shigar da sunansa", cinikin gurbi yake yi ko damfara, kuma abu ne da ya kamata a kai ƙararsa ga hukumar kamfanin ko jami'an tsaro.