Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Darasin Dajin Sunut ga 'Yan Kasuwa da Iyalai

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu masu neman halali a Kasuwar Libiya da Kasuwar Umdurman da sauran kasuwannin Jihar Hartum, da iyalan da ke komowa gida bayan gudun hijira. Tun daga 2025 da faɗa ya lafa a cikin birnin, hankali ya koma kan gyara da sake gini. Za a tayar da rumfuna da shaguna da masana'antu, wasu a inda suke a da, wasu a sababbin filaye. Kafin a kafa harsashin kowane babban gini na kasuwanci, akwai takardar da doka ta ce a rubuta, hukuma ta duba. Sunanta rahoton nazarin tasirin aiki ga muhalli. Mu ma'aikatan lafiya muna ɗaukarta takardar rigakafi, domin abin da aka yi sakaci da shi a cikinta yakan riske mu daga baya a ɗakin shan magani.

Abin da ya faru a Mugran

Mugran shi ne wurin da Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu suka zama kogi ɗaya. Kusa da nan, a gaɓar gabas ta Farin Nilu, akwai Dajin Sunut. Sunut ba baƙon icce ba ne a wurin Bahaushe: ita ce bagaruwa, wadda majema ke jeme fata da 'ya'yanta, mutanen Sudan kuma suna kiran 'ya'yan nan garad. An keɓe dajin tun shekarun 1930, zamanin mulkin Turawan Ingila. Kowace shekara idan kogi ya kawo, ruwa yakan shiga ya kwanta a ƙarƙashin itatuwan, sannan ya janye sannu a hankali. Kafin yaƙi, saiwoyinsu suna riƙe ƙasar gaɓa, inuwarsu tana rage zafi da ƙura, tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna yada zango a cikinsu, iyalai kuma suna zuwa shan iska.

A 2004 aka ƙaddamar da shirin gina sabuwar cibiyar kasuwanci a Mugran, ƙarƙashin kamfanin Alsunut, wanda ya haɗa gwamnatin Jihar Hartum da asusun inshorar ma'aikata na ƙasa da kamfanin DAL. An ƙiyasta kuɗin aikin ya haura dala biliyan 4. Shirin ya ƙunshi dogayen benaye na ofisoshi, da otal-otal, da gidajen alfarma, da filin wasan golf. Masu goyon baya sun hango ayyukan yi da jari. Masu kare muhalli kuwa sun nuna damuwa kan makomar dajin da yake maƙwabtaka da aikin, da kuma cike ƙasar da kogi ya saba malala a kanta.

An gina wani ɓangare na shirin. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. A watan Satumba na shekarar, wuta ta cinye dogon benen kamfanin mai na Greater Nile, wanda ya fi kowane gini fice a wurin. Dajin ma bai tsira ba, domin da iskar gas da lantarki suka yanke, an sare itatuwansa masu yawa don girki da gawayi. Ke nan tambayar da aka yi shekaru ashirin da suka wuce ta dawo sabuwa: idan za a sake gina bakin kogi, me za a bar wa ruwa, me za a bar wa mutane?

Abin da doka ta tanada

Dokar Kare Muhalli ta Sudan ta 2001 ta wajabta wa duk mai son fara aikin da zai iya cutar da muhalli ya gabatar da nazari tun kafin ya soma. Nazarin zai bayyana illolin da ake tsammani, da waɗanda za a iya kauce musu, da wasu hanyoyin da za a iya bi a madadin wadda aka zaɓa. A matakin ƙasa, Majalisar Ƙoli ta Muhalli da Albarkatun Ƙasa ce ke sa ido, Jihar Hartum kuma tana da tata hukumar muhalli.

Amma hukumar da ta fi kusa da ɗan kasuwa ita ce ƙaramar hukuma, wato mahaliyya. Jihar tana da guda bakwai: Hartum, Jabal Auliya, Umdurman, Umbadda, Karari, Bahri da Sharƙ an-Nil. A ofishinsu ake karɓar lasisin sana'a da katin lafiya na masu sayar da abinci, jami'ansu ne kuma ke zagaya kasuwa duba tsafta. Saboda haka ƙofarsu ce ta farko da za a ƙwanƙwasa idan aka ga ana auna fili a maƙwabta.

'Yan'uwanmu masu fatauci zuwa Najeriya za su tarar da irin wannan tsari a can. An kafa dokar nazarin muhalli a 1992, shekaru huɗu bayan an gano sharar guba da aka shigo da ita daga Italiya aka jibge a garin Koko. Dokar ta ce a baje rahoton manyan ayyuka domin jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. Duk da haka, mazauna kusa da Kogin Challawa a Kano sun daɗe suna kuka da dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa. Wannan ya nuna doka a takarda ba ta wadatarwa sai an sami masu bin sawu.

Yadda gini ke zama cuta

Hartum ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, mafi yawanta laka ce da ba ta saurin shanye ruwa. Ruwan sama ba shi da yawa, amma idan ya zo yakan sauko a lokaci guda. A watan Agusta na 1988, ruwan dare ɗaya da ambaliyar da ta biyo baya sun raba fiye da mutum miliyan 1 da muhallinsu. A watan Satumba na 2020, Shuɗin Nilu ya haura mita 17 da rabi a Hartum, abin da ya zarce ambaliyar 1946 da ta 1988, har aka kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku.

A Umdurman, ruwan sama yana bin ƙoramu irin su Hor Abu Anja ya faɗa kogi. Waɗannan ƙoramu a bushe suke kusan duk shekara, shi ya sa ake sha'awar yin gini a cikinsu ko zuba musu shara. Amma ruwa ba ya manta hanyarsa. Idan an tare shi da katanga, sai ya karkata zuwa gidan da ya fi kwari, kuma galibi gidan talaka ne.

Daga nan cuta ke farawa. Ruwan da ya kwanta a fili yana zama maƙyanƙyasar sauron zazzaɓin cizon sauro, wanda a lokacin zafi yake iya tashi daga ƙwai ya zama babba cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Sauron zazzaɓin dengi kuwa ya fi son ruwa mai tsabta da aka tara: durom ɗin magina da aka bari a buɗe, tsohuwar taya, randar da ba a rufe ba. Idan ambaliya ta shiga masai, ƙazanta takan gauraya da ruwan rijiya, ko ta kutsa cikin fasasshen bututu. Kowa ya tuna watan Mayu na 2025, lokacin da yankewar lantarki ta tsayar da tashoshin tace ruwa, mutane suka koma ɗiban ruwan kogi kai tsaye, cutar amai da gudawa ta kwantar da dubbai, musamman a Umdurman. Ba gini ne ya jawo wannan annoba ba, amma ta koya mana cewa tsakanin ruwan sha da mutuwa tazara kaɗan ce.

Tambayoyi biyar

Idan aka zo da shirin sabuwar kasuwa, ko mayanka, ko gidan mai, ko masana'anta kusa da ku, ku taru ta hannun shugabannin kasuwa da kwamitin unguwa da limamai, ku tambayi ƙaramar hukuma cikin ladabi:

1. An yi nazarin muhalli? Wace hukuma ce ta duba shi, kuma za a karanta mana shi cikin harshen da muke ji?

2. Ina ruwan sama zai bi bayan an gama ginin? A nuna magudanar a ƙasa, ba a takarda kaɗai ba.

3. Masai nawa za a gina, ina ƙazantarsu za ta tafi? Ƙa'idar lafiya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya.

4. Wa zai kwashe shara da ɓaraguzai, kuma ina za a kai su? Ɓaraguzan gine-ginen da yaƙi ya rusa suna iya ɓoye harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, don haka dole ƙwararru su duba filin tukuna.

5. Me za a yi wa masu rumfuna da masu shayi da masu tallan abinci da ke cin abinci a wurin? Uwar da aka tasa ba tare da madadi ba, yunwar takan bayyana a jikin 'ya'yanta.

Ku rubuta koke a takarda, ku sa kwanan wata, ku riƙe kwafi. Ku tabbata mata sun halarta, domin su ne suka fi sanin inda ruwa ke kwanciya da yaron da ya fara gudawa. Wannan ba adawa ba ce da ci gaba ko da masu zuba jari. Gyara layi a kan zane aikin yini ɗaya ne, rushe katanga kuwa aikin shari'a ne da shekaru.

Namu rabon

Ba za mu nemi hukuma ta kiyaye abin da mu kanmu muke ɓatawa ba. Kada a zuba leda da shara a magudana. A rufe randa da durom, a wanke su kowane mako. Ruwan da aka saya daga masu amalanken jaki a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar kulorin bisa umarnin da ke jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a sha. Idan gudawa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na ƙunshi, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a garzaya da shi asibiti, yana sha a hanya. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jariri nono.

Bagaruwa ba ta ƙin zama cikin ruwa, kuma tana tsirowa daga iri cikin sauƙi. Idan aka bar mata gurbinta a bakin Farin Nilu, jikokinmu za su sake zama a inuwarta. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu.