Motar da ke Tari a Hanyar Isa

A watan Fabrairun 2025 wani bidiyo ya karaɗe wayoyin 'yan Nijeriya. Wani mutum ne ya ajiye ƙananan janareta biyu, ya zuba wa ɗaya man da ya ce daga gidan man NNPC ya sayo, ɗayan kuma na gidan man MRS mai sayar da man matatar Dangote, ya tayar da su tare, na farkon ya riga mutuwa. NNPC ta ƙaryata, har ta ce kaso mai yawa na man da take sayarwa a Legas ai daga matatar Dangoten yake. Amma magana zarar bunu ce. Tun daga lokacin, mota na fara jijjiga a tasha, kafin a ɗaga bonet an yanke hukunci: "Man wa ka sha?" Muhawarar manyan kamfanoni ta zama ta kowa, har da direban da ke jigila tsakanin Tozai da Isa da Sabon Birni, wanda man da ke tankinsa ya bi hannu huɗu ko biyar bayan barinsa matata. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba wai gurɓataccen mai tatsuniya ba ce. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta lalacewa, layukan mai suka dawo. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya amsa da bakinsa cewa binciken da aka saba yi a tashar lodi da ta sauke kaya bai haɗa da auna metanol ba. Dalilin ɓarnar a fili yake. Ƙarfin metanol bai wuce kusan rabin na fetur ba, yana janyo ruwa, yana kuma cin roba da wasu ƙarafan hanyar mai. Wancan ya faru, an gani. Sai dai mayar da kowane tarin inji kan matata rashin sanin inji ne.

Aikin inji a taƙaice: fistin ya zuƙo iska da mai, ya matse su, fulogi ya ba da wuta, su fashe su tura fistin ƙasa. Ana son kusan awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na fetur. Idan a silinda guda wuta ta yi rauni, ko cakuɗin ya kauce, ko matsin ya zurare, to wannan silindar ta yi fashin aiki, sauran su ja ta. Shi ne jijjigar da direba ke ji a sitiyari idan mota na silo, da shaƙewar da take yi in an taka totur, da ƙarar tuf-tuf a salansa, da shan mai kamar an huda tanki.

Gano mai laifi bai kai wahalar da ake ba shi ba. A kwance fulogi a dube shi. Idan ya yi baƙi da busasshen kunkunniya, mai ya fi iska yawa, sai a duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu da ta hanyar burji ke toshewa tun lokacinta bai yi ba. Idan ya jiƙe da baƙin mai, ringi ko bawul sun gaji. Idan ya yi fari fat, mai ne ba ya isa, ko iska na satar shiga ta tsagaggen tiyo. Fulogi ɗaya da ya fita tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa sun yi datti, wannan ruwan lagireto ne ke shiga ta gasket. Ana zargin koyil? A musanya shi da na silindar maƙwabciya. In ciwon ya bi shi, an kama ɓarawo, in ya tsaya inda yake, a koma kan nozul ko a auna matsi. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da kafar da ake jona na'ura, ƙwaƙwalwar motar ta faɗi abin da ke damunta: P0301 silinda ta ɗaya ce, P0302 ta biyu, P0300 kuwa ciwon na yawo, a nan ne ya dace a fara tuhumar mai ko famfonsa. Ƙa'idar ke nan da ya kamata kowane direba ya riƙe: mugun mai ba ya zaɓar silinda ɗaya ya bar sauran.

To, ina man ƙasar Gobir yake lalacewa? A nan ne ya kamata a tsaya, domin tarihi ne da jaridun Legas ba su damu da shi ba. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, don a daƙile fasa-ƙwauri zuwa maƙwabta. Mutumin bakin iyaka ba shi ya ƙirƙiro bambancin farashi tsakanin Nijeriya da Nijar ba, amma shi ya biya. A Satumban 2021 kuma gwamnatin Sakkwato ta Aminu Waziri Tambuwal, a yaƙinta da 'yan bindiga, ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana sayar da fetur a jarka, ta ƙayyade abin da za a zuba wa mota, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Niyyar ita ce a yanke wa masu baburan daji mai. Ba na ce niyyar banza ba ce. Amma dokar da ta rufe famfo ba ta rufe buƙata ba. Manomin fadama na son man injin ban ruwa, mai niƙa na so, mai kai mara lafiya asibiti na so. Kasuwar ta koma hannun 'yan bumburutu, ta koma lungu, inda babu mai dubawa. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 farashi ya yi tashin gwauron zabo, ribar algus ta ƙaru, mai saye kuma ya koma lita biyu, lita uku, tanki kullum a ƙasa.

Ku bi tafiyar litar nan. Daga tanka zuwa duro, wanda wataƙila jiya gas ne ko kananzir a ciki. Daga duro zuwa jarkar da ta kwana a waje da damina murfinta a sake. Daga jarka zuwa galan, ta mazurarin da ke ajiye a ƙasa cikin rairayi. Ko babu mai mugun nufi a layin, ruwa da tsatsa da ƙura sun shiga. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin tanki, daidai inda famfo ke zuƙa, shi ya sa motar da ke yawo da ɗan mai ta fi saurin kamuwa. Kananzir kuwa rage wa fetur juriyar matsi yake yi, inji ya riƙa ƙwanƙwasa a hawa. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975 ta jure irin wannan, don kafireto ne da ita, a kwance a hure a mayar. Golf da Sharon da Hiace na yau nozul gare su, ramukansu ƙanana ne ƙwarai, ɗan datti kaɗan ya ishe su. Gwajin ruwa kuwa ba ya cin ko kwabo: a zuba man a farar kwalba a ajiye na ɗan lokaci, in akwai ruwa za a gan shi ya ware a ƙasa.

Makanikanmu ma sai an faɗa musu gaskiya. Motoci sun sauya, koyarwar gareji ba ta sauya ba. Mota na isowa daga Kwatano, abu na farko a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. Inji ya kasa kaiwa zafin aikinsa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai, fulogi ya yi baƙi, a sayi sabo, bayan ɗan lokaci a sake. Wutar gargaɗi ta kama a dashbod, maimakon a tambayi dalili sai a cire ƙwan ko a liƙe shi da salatif. Alhali in wutar nan tana ƙiftawa, ɗanyen mai ne ke wucewa salansa yana ƙona matatar hayaƙi. In ta toshe a fasa ta a sayar, a ce an yi gyara. Daga ƙarshe a dubi mai mota a ce, "Alhaji, sai dai a sauke inji," kan ciwon da koyil ɗaya zai warkar.

A Kano ko Abuja wannan asarar kuɗi ce kawai. A gabashin Sakkwato ba haka ba ne. A hanyoyin nan ne aka ƙona motar matafiya da mutanenta a kusa da Gidan Bawa a Disamban 2021. A hanyar komawa Sabon Birni aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024, bai dawo da rai ba. Direban da ya san haka ba ya son ko rage gudu a wasu kwanoni, balle ya tsaya ya buɗe bonet. Lafiyar inji a nan maganar tsaro ce, amma ana taron tsaro a watse ba a ambaci mai ko makanike ba.

Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da ingancin mai, aikinta bai ƙare a tashar jirgin ruwa ba. Ta zo kasuwar Isa da ta Sabon Birni ta ɗebi samfurin abin da mutane ke saye a zahiri, ta faɗa wa jama'a abin da ta gani. Hukumar NADDC mai horar da makanikai, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, me zai hana su haɗa kai da ƙungiyar makanikai ta NATA su kai horo ƙananan hukumomin iyaka, maimakon a tara 'yan birni a raba takardar shaida? Shugabannin direbobi na NURTW kuwa ba su da uzuri. Ƙaramar na'urar karanta ciwon mota, wadda ake haɗawa da wayar hannu, kuɗinta bai kai na cika tankin Hiace sau ɗaya ba. Kuɗin lodin da ake karɓa kullum ya isa a ajiye guda a tashar Isa, guda a ta Sabon Birni, a koya wa yara biyu karanta ta, a jona wa duk motar da ke tari kafin a zuba mata fasinjan Tozai.