ABIN DA YA SA MAGANIN FESHI YAKAN KAMA MAI FESHI

Manoman auduga, ku saurara. Daga Funtuwa har Gusau, in auduga ta fara fure sai a shiga feshi don tsutsa. To, yana da kyau ku san yadda maganin nan yake aiki.

In mutum zai ɗaga hannu, jijiya ce ke kai saƙo. Sai ta zubo wani ɗan ruwa a kan tsoka, sunansa asetilkolin. A jikin tsoka kuwa akwai waɗansu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, kowace da kwaɗonta. Ruwan nan shi ne mabuɗinsu. Da ya shiga, ƙofa ta buɗe, tsoka ta motsa. Wani masani a Ingila, Langley, ya ba da labarinsu cikin 1905, sa'ad da ya ke gwada dafin ganyen taba.

In saƙo ya isa, akwai wani sinadari mai share ruwan nan, don ƙofa ta rufe, tsoka ta huta. Magungunan feshi na dangin oganofosfet, irin su dimethoate, mai sharar nan suke ɗaurewa. Ruwa ya yi ta taruwa, ƙofa ta ƙi rufuwa. Tsutsa ta yi ta makyarkyata har ta mutu.

Amma fa mutum ma da ruwan nan jikinsa ke aiki, har zuciya da huhu da hanji. Maganin kuwa yana shiga ta fata, ta hanci, ta baki.

ALAMUN YA KAMA MUTUM: yawan miyau da gumi da hawaye, ƙwayar ido ta tsuke, amai, zawo, tsoka tana rawa, numfashi da ƙyar.

ABIN YI:
1. A fid da shi daga gona, a tuɓe masa tufafi, a wanke shi da sabulu.
2. Kada a ba shi madara ko manja. Kada a sa shi amai.
3. A kai shi asibiti nan da nan, tare da kwalbar maganin.

Likita yana da allurar atrofin. Ita kuwa takan toshe ƙofofin huhu da zuciya da hanji, ruwan da ya taru ya rasa mashiga.

Ran feshi ka rufe jiki da hanci, ka ba iska baya. Kada ka ci goro ko ka sha taba sai ka yi wanka. In kana da tambaya, nemi malamin gona.