Daga Potiskum zuwa Jidda: Abubuwan da ya kamata ka sani game da zaman Saudiyya

Da wuya ka zaga unguwa a Potiskum ka rasa gidan da za a ce maka "ai wane yana Makka". Wani Umara ya tafi ya zarce, wani ejan ne ya samo masa bizar tuƙi, wata kuma aikatau aka kai ta. Abin da ke isowa gida shi ne 'yan riyaloli da hoton da aka ɗauka a harabar Ka'aba. Labarin takardu ba kasafai yake isowa ba, alhali su ne ke raba wanda ke barci da ido biyu rufe da wanda ke zabura duk sa'ad da ya ji an ƙwanƙwasa ƙofa. Ga abubuwan da ya kamata mai wannan niyya ya auna.

Tun yaushe mutanenmu suke wannan tafiya?

Tun kafin jirgin sama. Alhazan da suna bin hanyar gabas ne, da fari a ƙafa da kan jakuna, daga baya a manyan motoci ta titin Kano zuwa Maiduguri da ya ratsa Potiskum. Daga Borno sai Chadi, sai Darfur, sai Khartoum, har bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru, domin idan guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi noma, ko a yi ƙwadagon auduga a gonakin Jazira na Sudan.

A 1903, bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, kusa da Bajoga, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno. Waɗanda suka ƙarasa Hijaz a wancan zamani da dama sun zauna, jikokinsu kuma yau cikakkun 'yan ƙasa ne masu laƙabin Hausawi da Barnawi da Fallata. A gasar cin kofin duniya ta 2018, Osama Hawsawi ne kyaftin ɗin 'yan ƙwallon Saudiyya.

Wannan tarihi ne ke ruɗin wasu. Kakanni sun je lokacin da ƙafa da haƙuri suka isa guzuri. Yanzu tun daga filin jirgi ake ɗaukar zanen yatsunka. Kalmar "takari" ma, wadda asalinta sunan da Larabawa ke kiran mutanen Afirka ta Yamma ne, a bakin Bahaushen yau ta koma nufin mai zaman ɓoyo.

Wace biza ce ke ba da damar zama?

Bizar Umara da ta ziyara da ta Hajji duk na baƙunta ne: suna da wa'adi, kuma ba a aiki da su. Wanda ya zarce wa'adi na iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, da ɗaurin da ya kai wata shida, sannan a koro shi.

Mai son zama bizar aiki yake buƙata. Idan ya isa sai a yi masa iƙama, wadda mutanenmu ke ce wa igama. Ita ce katin shaidarsa. Da ita zai buɗe asusun banki, ya kama haya, ya je asibiti, ya aiko kuɗi gida ta hanyar da doka ta sani.

Akwai kuma wadda ejan-ejan ke tallatawa da sunan "bizar 'yanci", wai ka je ka nemi aikin da ka ga dama, kana biyan mai bizar wani abu duk wata. Dokar Saudiyya ba ta san da ita ba. Duk wanda aka kama yana yi wa wani aiki ba wanda sunansa ke kan takardarsa ba, mai laifi ne.

Igama kuma ba tikitin Hajji ba ce. Mazauni ma sai da tasrihi, wato izinin hukuma. A Hajjin 2024 mutum 1,301 ne suka rasu cikin tsananin zafi, kuma hukumomin ƙasar sun ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izini.

Wane ne kafili?

Shi ne mutum ko kamfanin da ya ɗauko ka, wanda zamanka ke rataye a wuyansa. A doka, shi ke biyan kuɗin ɗauko ka da na igama da sabunta ta, da tikitin komawarka gida idan kwantiragi ya ƙare. Ba shi da hurumin riƙe fasfonka, ko da yake da yawa suna yi.

A watan Maris na 2021 aka yi wa tsarin kwaskwarima. Ma'aikacin kamfani zai iya sauya wurin aiki bayan shekara guda, ya kuma nemi izinin fita ƙasar da kansa ta manhajojin Absher da Qiwa. Idan ya kammala aiki yana da kuɗin sallama: rabin albashin wata a kowace shekara cikin biyar ɗin farko, cikakken albashin wata a kowace shekara bayan nan.

Me ya sa direba da makiyayi za su fi kowa lura?

Nan ne maganar ta taɓa Potiskum kai tsaye. Gari ne na tirela da kasuwar shanun Laraba, don haka sana'o'i biyun da matasanmu suka fi gwanancewa su ne tuƙi da dabba. To kwaskwarimar 2021 ba ta haɗa da direban gida da makiyayi da mai gadin gida da mai aikin lambu da 'yar aikatau ba.

Saboda haka idan ejan ya ce "aikin direba ne", tambaye shi: na kamfani ko na gida? Direban babbar motar kamfani yana ƙarƙashin dokar ƙwadago. Direban gida kuwa cikin masu hidimar gida ake lissafa shi, kuma yana iya samun kansa yana kai yara makaranta da safe, cefane da rana, wankin mota da dare. Mai bizar kiwo kuma ya sani ba irin kiwon dajin Fika ba ne, inda za ka haɗu da 'yan'uwa a mashaya. Sau da yawa mutum ɗaya ne da raƙuma ko tumaki a tsakiyar hamada, sai motar da ke kawo ruwa da abinci. Sana'ar da aka rubuta a igamarka ita ce za ta bi ka ko'ina, har a batun ɗauko iyali.

Idan zama ya yi tsami fa?

Kuskuren da aka fi yi shi ne guduwa. Da zarar ka bar wurin aiki, kafili zai kai rahoton ka tsere, abin da ake kira hurub. Ta haka za ka iya zama takari, ko da kai aka zalunta. Ƙarshen wannan hanya sananne ne: kamun askarawa, zaman gidan tarhil, wato inda ake tsare masu jiran kora, irin na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, sannan jirgi zuwa gida tare da haramcin komawa na shekaru.

Hanyar da ta fi ita ce kai ƙara ofishin ƙwadago, ko ta manhajar Musaned ga masu aikin gida, da sanar da ofishin jakadancin Najeriya a Riyadh ko ƙaramin ofishinsa na Jidda. Tana da jan rai, amma mai bin ta bai zubar da haƙƙinsa ba.

Tsohuwar mafakar ma ta ragu. Daga ƙarshen 2021 gwamnati ta rushe unguwanni da dama a Jidda, ciki har da Sabil da Karantina da Gulail, inda baƙo daga ƙasar Hausa kan samu ɗaki da tuwo ba tare da an tambaye shi takarda ba.

Yaya ake sajewa da mutanen gari?

Larabcin Islamiyya zai taimake ka a masallaci, amma a kasuwa wani ne daban. Mutumin Hijaz "esh" yake cewa don tambayar mene ne, "fen" don ina, "abga" don ina so, "dahin" don yanzu. Ɗan Potiskum da ya tashi yana jin Bolanci da Ngizimanci da Karekare da Fulatanci ban da Hausa bai kamata wannan ya gagare shi ba, muddin bai maƙale a Sharar Mansur ta Makka cikin Hausawa zalla ba. Akwai waɗanda suka shekara goma ba su iya karanta takardar albashinsu.

Ranakun hutu Juma'a da Asabar ne, Lahadi kuwa ranar aiki ce. Gari na raya dare, musamman da azumi. Da bazara zafi kan kai inda doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga tsakiyar Yuni har tsakiyar Satumba. Cikinka zai koyi kabsa da tamis da ful. Doguwar gaisuwarmu tana da kasuwa a wurinsu, sai dai ba a tambayar mutum matarsa, iyali gaba ɗaya ake gaisarwa. Kuma ba a faɗa wa gidan mutum babu sanarwa yadda muke yi a nan.

Abin da a gida ba komai ba ne, a can babban laifi ne

Laya da guru da rubutun sha na iya jawo tuhumar sihiri. Bara laifi ne mai tara da ɗauri. Ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba, ko na jami'an tsaro, na iya kai ka gaban alƙali, haka ma sukar hukuma a Facebook ko TikTok. Wa'azi ko tara jama'a babu izini ba a yin sa. Goro ma hukumar alhazai ta NAHCON ta sha gargaɗi a kan tafiya da shi.

Mafi haɗari shi ne saƙo. Safarar miyagun ƙwayoyi hukuncinta na kai wa ga kisa. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Madina kan jakar Tramadol da aka maƙala wa sunanta tun daga filin jirgi, sai bayan wata huɗu aka sako ta da bincike ya wanke ta. Kada kunya ta sa ka karɓi ƙullin da ba ka kwance ka gani ba, ko na wane ne.

Iyali da yara

Ba kowace sana'a ake ba izinin ɗauko iyali ba. Wanda aka ba kuma, tun 2017 yake biyan haraji kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. An fara da riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku ke nan zai biya riyal 1,600 duk wata, ban da haya da makaranta.

Haihuwa a Saudiyya ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Yaron da iyayensa ba su da takarda kan tashi babu makarantar hukuma, babu shaidar ko'ina. Irin su ne ake saukewa a Kano, bakinsu Larabci, ba su san hanyar garin ubansu ba.

Kafin ka sayar da gona

Nemi ganin lasisin ejan daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Karɓi kwantiragi a rubuce, ka kai wa mai Larabcin da ka yarda da shi ya karanta maka sana'a da albashi da masauki da wa'adi. Ka bar kwafen fasfo da biza a gida. Idan aka ce ka tafi da bizar Umara "za a gyara a can", ko aka ce za a riƙa cire bashin tafiya daga albashinka ba tare da an faɗi adadi ba, wannan magana ce ta kai wa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane.

Sannan ka yanka wa kanka ranar dawowa tun kafin ka tafi. Igama sabunta ta ake yi, ba a gadonta, kuma duk daɗewar baƙo wata rana za a buga masa bizar fita ta ƙarshe. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda ya riƙa turo abin sayen ɗan maraƙi ko fuloti, yana kiran waya ranar suna da ranar ta'aziyya, shi ne idan motar Kano ta sauke shi a tashar Potiskum zai tarar da masu jiransa.