Tsatsar sinki a Jidda: daga ina take fitowa, yaya ake cire ta

Duk wanda ya zauna a Jidda, ko a Karantina ko a Sabil inda 'yan uwanmu Hausawa suka daɗe, ya san jan zoben nan da gwangwanin tumatir yake bari idan ya kwana a sinki. Da safe uwargida takan yi mamakin yadda ƙarfen da aka ce ba ya tsatsa ya yi ja. Gaskiyar magana, yawanci tsatsar ba ta sinkin ba ce, ta baƙo ce da ya kwana a kansa: gwangwani, wuƙa, ko ɓurɓushin soson ƙarfe.

Irin ƙarfen da ake ƙera sinki da shi, wanda Harry Brearley ya haɗa a Sheffield ta Ingila a 1913, yana ɗauke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kuromiyam ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke kare ƙarfen, kuma ko an karce ta tana sake haɗewa da kanta. Babban abokin gabarta shi ne kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri. Jidda kuwa a bakin Bahar Maliya take, iskarta cike da danshi da gishiri, don haka abin da zai bushe nan take a rani a Kano, a nan sai ya kwana a jiƙe.

Ruwan famfon ma yana da nasa labarin. Tun 1907 aka fara tace ruwan teku a Jidda, yau kuma mafi yawan ruwan garin daga masana'antun tace ruwan teku yake zuwa, kamar ta Shu'aiba da ke kudu da birnin. Yakan fito da tsabta, amma sai ya zauna a tankin ƙasa, ya hau na saman bene, a tsofaffin gidaje ya bi ta bututun ƙarfe. A can yake kwaso tsatsa. Famfon da ke ɗiga dare da rana sai ya zana jan layi har bakin magudana.

Cire ta ba wuya. A matse lemun tsami ko a zuba khal a kan tabon, a bar shi kamar minti 10, domin tsamin ne ke narkar da tsatsa. Sai a kwaɓa garin bikabonet da ruwa, a goga da soso mai laushi. Idan aka duba sinkin da kyau za a ga ƙananan layuka duk sun miƙe gefe guda; su za a bi wajen gugar. A ɗauraye sosai, a goge da busasshen tsumma. Tabon da ya ƙi fita yana buƙatar garin wanki mai asid ɗin oksalik.

Abin da ke damuna shi ne yadda hannu ke fara kaiwa ga Clorox, wato bilic. Bilic ba ya narkar da tsatsa, kuma idan ya daɗe a kan sinki yana cinye fatar nan har ya bar ƙananan ramuka da ba sa gyaruwa. Soson ƙarfe shi ma yana barin ɓurɓushin da zai yi ja gobe. Sau da yawa mai aikin gida ake ɗora wa laifi, alhali kayan da aka ba ta ne suka yi ɓarnar.

Mafi haɗari shi ne haɗa bilic da khal, ko da ruwan wanke masai mai asid. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, a ɗakin girkin da ake rufewa ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki. Idan hakan ta faru, a buɗe taga a fita waje nan take, wanda numfashinsa ya sarƙe kuma a garzaya da shi asibiti.