Me ya sa jan-baki ya raina mutum-mutumi?

Duk manomin Adar ya san abin da ke faruwa idan gero ya fara ƙosawa a watan Satumba. Daga gonakin Kalfu da Barmu har kwarin Kaita, za ka ga an kafa sanda an sa mata tsohuwar riga, an rataya gwangwanaye da leda. Kwanakin farko tsuntsaye sukan kauce. Kafin mako ya zagayo sai ka tarar da jan-baki zaune bisa kan mutum-mutumin yana fiffika.

Dalili shi ne dabba tana koyo daga sakamakon aikinta. Wani masanin halayya ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya bayyana wannan a littafinsa na 1938, bayan gwaje-gwaje da ɓeraye: aikin da ya kawo daɗi sai a maimaita shi, wanda ya jawo wuya nan take sai a rage shi. To, tsuntsun da ya sauka kusa da tsumma ya ci ya ƙoshi, ba abin da ya same shi, ai mu ne muka koya masa cewa tsumma ba ya duka. Yaron da ke tsaye da majajjawa ya fi mutum-mutumi aiki nesa ba kusa ba, don ihunsa yana zuwa tare da hoge. Sharuɗɗan ba su da yawa, sai dai cika su ne da wuya: horon ya zo lokacin da ake ɓarnar, ya zo kowane karo, a riƙa sauya wa abin tsoron wuri da kama.

Ga misali daga Kenya: wata mai bincike, Lucy King, ta kewaye gonaki da amyar zuma da aka haɗa da waya, don korar giwaye. Giwa na taɓa wayar, amya ta girgiza, ƙudan zuma su fito mata. Bincikenta ya nuna shingen yana mayar da kimanin kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka nufo gona, ga kuma zuma ta sayarwa.

A ganina, a nan Tawa dabarar horo nan take ta fi dacewa da dila, mai ɗauke ƴan awaki a rugagen da ke wajen Abalak da Tabalak. Dila yana da yankinsa, shi ne jiya shi ne yau, saboda haka in ya sha haɗuwa da kare da sanda da hasken tocila a bakin garke, zai riƙe. Jan-baki kuwa garke-garke yake zuwa, na yau ba lallai su ne na jiya ba. Nan sai gadi tun asuba da girbi a kan kari.

Guba, wadda wasu ke zubawa a mushe, ba ta koyar da kowa. Takan kashe dilan da ya riga ya san tsoron garke, ta haɗa da ungulu da karnukan makiyaya, sannan baƙon dila ya shigo yankin da aka bar masa, a koma horo daga farko.