Girgizar Ƙasa da Ruwan Dare: Jan Kunne ga Mutanen Gangara

Wata rana a 2023 da almuru ina zaune a teburin wani mai shayi a Gangara ta ƙasar Jibiya, sai na ga samari sun yi cincirindo a kan wayar ɗayansu, suna kallon yadda ƙauyukan da ke kan duwatsun Maroko suka koma tarin ƙasa cikin dare guda sakamakon girgizar ƙasa, ana tono mutane da hannu daga ƙarƙashin gidajen da ba su da wata maraba da namu, domin su ma da laka da duwatsu aka gina su. Wani dattijo direba, wanda motarsa ta yi makonni tsaye a Magama tun da aka rufe iyakar Nijar, ya ajiye kofinsa ya ce, "To, saura mu ke nan." Babu wanda ya musa masa, ni ma ban musa ba a lokacin, amma maganar ta kwana a raina.

Ban ga laifinsa ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A cikin shekarar 2023 kaɗai mun ga ƙarancin takardun kuɗi, har mutum yana da haƙƙinsa a banki ya kwana da yunwa; mun ga janye tallafin man fetur a watan Mayu; mun ga rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, alhali rabin abincin wannan yanki daga zirga-zirgar Maraɗi da Katsina yake fitowa; ga kuma 'yan bindiga da suka raba manomi da gonarsa. Mutumin da ya sha waɗannan duka, sa'an nan aka ce masa girgizar ƙasa ta kashe fiye da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya a watan Fabrairu, ta kuma kashe kusan 3,000 a Maroko ran 8 ga Satumba, ba abin mamaki ba ne ya zaci layi ne ake bi, kuma ya kusa zuwa kansa.

Sai dai tsoron da ba ilmi a cikinsa wahala ce kawai. Masana ilmin ƙasa sun tabbatar cewa doron da muke takawa ba dunƙule yake ba, ya fi kama da ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke, watau manyan ɓangarori ne da ke motsi a hankali ƙwarai, 'yan santimita kaɗan a shekara, kuma a wurin ɗinkin ne suke gogayya, su cije, ƙarfi ya yi ta taruwa shekara da shekaru, har ranar da dutsen zai kasa jurewa ya goce farat ɗaya. Wannan gocewa ita ce girgiza. Turkiyya a kan irin wannan ɗinki take zaune, Maroko kuma tana kusa da inda ɓangaren Afirka yake tura na Turai. Mu kuwa Allah cikin hikimarsa ya ajiye mu a tsakiyar ɓangaren, nesa da bakinsa. Ba a ce ƙasarmu ba ta taɓa motsi ba. An ji ta a Ijebu-Ode a 1984, an ji ta a Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumbar 2016, an kuma ji ta a Mpape da Maitama na Abuja a Satumbar 2018, amma duk ƙanana ne, iyakar ɓarnarsu tsagewar bango da firgita jama'a. Masu tsanani a Afirka ta Yamma, irin ta Akara a 1939 da ta Gini a Disambar 1983 wadda ta kashe ɗaruruwa, can a ƙasashen gaɓar teku suka auku. Gwamnati tana da cibiya a Toro ta Jihar Bauchi mai auna irin wannan motsi, kuma har yau babu wani masani a duniya da ya iya faɗin ranar da girgiza za ta zo. Saboda haka duk saƙon da ya shigo wayarka yana cewa ran kaza ƙasa za ta girgiza, kowa ya kwana waje, ƙarya ce tsagwaronta, kuma yaɗa ta tsoratar da Musulmi ne ba bisa haƙƙi ba. In kuwa Allah ya ƙaddara ka ji ƙasa tana rawa, to ka fito tsakar gida ko wani fili, ka nisanci katanga da wayar lantarki.

Abin da ya fi damuna shi ne, samarin nan sun kalli Maroko sun yi salati, amma ban ji wanda ya ambaci Darna ba, birnin Libiya da madatsun ruwa biyu suka ɓalle a kansa kwana biyu kacal bayan girgizar Maroko, ruwa ya kwashe unguwanni ya zuba a teku da dubban rayuka. Alhali kuwa wannan ita ce musibar da ta san hanyar gidanmu. Wane ne a ƙasar Jibiya ya manta daren Lahadi, 15 ga Yuli 2018, lokacin da aka tafka ruwa mutane suna barci, ya cika gulbi ya tumbatsa cikin gari, ya rushe ɗaruruwan gidaje, ya kashe fiye da mutum 40, har aka riƙa tsinto gawarwakin wasu a cikin ƙasar Nijar? Ruwa bai san iyaka ba, bai tsaya a shingen kwastan ba. Kafin wannan an ga fashewar madatsar Bagauda a Kano a 1988, a 2022 kuma ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya.

Hatsarin irin ƙasarmu shi ne koramar da take bushe wata takwas a shekara, har mutum ya raina ta, ya yanki fili a bakinta ya yi gini, yara su mai da yashinta filin wasa. Amma ruwan da zai cika ta ba lalle ne a kanka ya zuba ba. Yana iya sauka can sama, a dajin da aka sare itatuwansa har ƙasa ta daina shanyewa, ya gangaro maka cikin dare alhali kana ganin taurari. Ga lambatu mun cushe da leda da shara, ga kududdufan da kakanninmu suka bari don su tare ruwa an cike su an sayar. Shiga ɗakinka ka duba gindin bango: in ka ga ya yi duhu da laima, ƙasa tana zubowa kamar gari in ka taɓa, ko ka ga indararo ya karye ruwa yana bin jikin gini, ko gara ta ci azara, to wannan ɗaki ya riga ya yi maka magana.

Na san akwai mai cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa, kuma gaskiya ne. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma Sayyidina Umar da kansa, da ya ji labarin annoba a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa bai shiga ba, alhali babu mai ce masa ƙaramin mai imani. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, gyaran hanyar ruwa kuwa ya fi kusa da farilla kifaya, wadda in kowa ya bari kowa ya ɗau zunubi.

In damina ta kusa ɗaukewa, to lokacin aiki ke nan, ba sai hadarin baɗi ya haɗo ba. Ina roƙon masu unguwanni su kira gayya a yashe lambatu, a hana gini a kan hanyar ruwa ko da mai filin ɗan'uwa ne. Limamai su sa wannan mas'ala cikin huɗuba. Hukuma kuma ta duba lafiyar madatsar ruwan Jibiya da ke kan gulbin Gada, ta faɗa wa jama'a abin da ta gani. Kai kuma maigida, tun ƙasa tana da danshi ka kwaɓa ka yi yaɓe, ka kuma zauna da iyalinka ku tsai da tudun da za ku nufa in ruwa ya shigo da dare, ku san wanda zai ɗauki jariri da wanda zai riƙe hannun tsohuwa.